Tawadar da Ta Ƙi Wankuwa

Ranar da Malama Hamdiya ta ce wa Gogo Baturiya lokaci ya yi da za ta fara rubuta allonta da hannunta, Gogo ta dawo gida ko lulluɓi ba ta cire ba, ta tsaya a ƙofar ɗakin Rashidu.

"Babana, kana ciki?"

Yana ciki. Kusan kullum yana ciki. Tun da yajin karatu ya cinye musu shekara a kwalejin Agye ya tattaro littattafansa ya dawo Gazawa, bai sake komawa lakol ba. Gogo yayar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi tun daga yaye. Sunan mahaifinta ya ci, shi ya sa bakinta bai taɓa furta sunansa ba, sai dai Babana.

"Gobe kasuwa," ta ce. "Allo nike so, nawa na kaina, ba na aro ba. Da alƙalami, da tawada. Kai ne mai rubutun gidan nan, kai za ka zaɓo mani."

Gogo ba ta yi karatu da ƙuruciya ba, tuyar ƙuli-ƙuli ta tashi a ciki. Sai bayan rasuwar mijinta ta fara zuwa gidan Malama da la'asar, tana zama cikin matan da wasunsu ita ta yanke musu cibi. Mace ce mai jin kai. Farkon zuwanta wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya a kan yadda take jan baƙi, Gogo ta naɗe tabarmarta ta fito, ta yi damina guda ba ta koma ba, sai da Malama ta taka da ƙafarta ta zo biko. A ranar Gogo ta ce in aka sake, ta bari har abada. Duk unguwa an san in ta faɗi magana ba ta lashe ta.

Rashidu ya ce to.

Shi ma rubutu ne sana'arsa, in sana'a ce. Shekarar nan soja sun saki linzami, jam'iyyu suka tsiro kamar tafasa bayan ruwan fari, kowace tana neman mai kyan hannu ya rubuta mata ƙyallen da za a rataya a bakin hanya. Jaye, ɗan ajinsu da ya zama shugaban matasan wata jam'iyya, shi ya kai shi buronsu, wato ofishin jam'iyyar. Suka ba shi farin yadi da buroshi da wata baƙar tawada ta kwalba da aka sayo daga Maraɗi. Abin yabonta ɗaya ne: ko ruwan sama ya kwana yana dukanta ba ta motsi.

Da hantsi ya shiga kasuwa. Rumfar Ɗanmalam tana tsakanin masu turare da masu igiya. Dattijo ne mai yawan ba'a, yana bin kasuwanni da buhunsa, yau Gazawa, gobe Cadawa, wani lokacin har Cadakori. Alluna jere a jikin kara, alƙaluma ɗaure dami-dami.

"Ɗan koyon yaro ne ko babba?" ya tambaya.

"Babba."

"Ido fa?"

"Ya fara raguwa."

"To mai faɗi za ka ɗauka, amma wanda ba ya gajiyar da cinya. Tsuguna mana, ɗan lakol. Ba a zaɓen allo a tsaye, ba akuya ba ce."

Rashidu ya tsuguna. Ɗanmalam ya miƙo masa guda uku na itacen aduwa, ya ce ya ƙwanƙwasa ya ji wanda bai da tsaga a ciki, ya shafa da tafin hannu ya ji inda ƙullin itace yake, don nan alƙalami ke tuntuɓe. Na farko ya yi nauyi. Na biyu yana da ƙulli a tsakiya. Na ukun fari ne sol, santsi kamar cikin ƙwarya. Ya ɗora shi a cinya yadda Gogo za ta ɗora, ya ga ya zauna.

"Alƙalami kuma kar ka yi rowa. Ɗan koyo danna shi yake kamar yana shuka, kafin ya saba ya karya biyar. Ɗauki na gamba, mai faɗin baki. Sirara na gwanaye ne."

Ya ba shi ɗaya ya gwada a wani tsohon allo. Rashidu ya tsoma, ya ja. Rabonsa da alƙalamin kara tun kafin a kai shi lakol, amma hannun bai manta ba. Ƙarar karan a jikin itace ta shige shi. Ya ja wani baƙin, ya ƙara wani. Ya ware masu daɗin hannu, ya zaɓi ɗan kurtu na duma mai marfi da za a zuba tawada, ya biya.

"Saura tawada. Waccan yambari ce, ta takarda, ta masu rubuta Alƙur'ani, ba taku ba ce. Ta allo gawayi ce da ƙaro, a rubuta a karanta a wanke a sha. Tana gindin buhu, bari in tono."

Yana cikin tonon ne kamiyon jam'iyya ya kutso kasuwa da kiɗa da lasifika, matasa cike a bayan motar. Ya tsaya daidai rumfar masu igiya. Jaye ne ya fara hango shi.

"A'a. Alaramma Rashidu. Gafarta Malam, a sa mu a addu'a mu ci zaɓe."

Aka yi dariya. Rashidu ya miƙe, alƙalami a hannu, tawada a yatsa.

"Daga jarrabawar birebe sai allo?" in ji Jaye. "Mu muna neman mai rubuta mana ƙasa sabuwa, kai kana nan kana baƙi da wasali. Na wa ne?"

A gefen Jaye akwai Rufaida, wadda suka yi aji ɗaya, wadda Rashidu bai taɓa iya kallo ido cikin ido ba. Tana riƙe da ƙarfen kamiyo tana jiran amsa kamar kowa.

"Saƙo ne," ya ce. "Na wata tsohuwa ce a unguwarmu."

Rufaida ta dube shi. Ta san gidansu. Ta san tsohuwa ɗaya ce a unguwar ke zuwa gidan Malama, don da uwarta suke zama. Ta juya fuska wajen masu kiɗa.

"To bar saƙon tsohuwa, hau mu tahi," in ji Jaye. "Akwai taro a ƙauye, ƙyallenka za a ɗaga."

Ya naɗe allon cikin wata takardar jam'iyya don kar a gani, ya cusa alƙaluma da kurtu a aljihu, ya hau. Yana jin Ɗanmalam a baya yana cewa, "Ɗan lakol, tawadar fa?" Kiɗa ya rufe muryar, ko kuma shi ya bar kiɗan ya rufe ta.

Da suka dawo kasuwa ta watse. Inda rumfar take sai ɓawon rake da sawun jaki. Ɗanmalam ya yi gaba, sai wata kasuwar.

Ya tarar da Gogo ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta yi alwala tana zaune. Ta karɓi allon da hannu biyu. Ta juya shi, ta shafa, ta shinshina.

"Ka iya zaɓe, Babana. Ina tawadar?"

Akwai magana guda da ta isa: na manta. Bai faɗe ta ba, don bayanta akwai tambaya, bayan tambayar akwai kamiyo. Ya ce yana zuwa. Ya shiga ɗaki, ya jawo kwalbar jam'iyya daga ƙarƙashin gado. Ya san allo wanke shi ake yi, wane ɗan Gazawa ne bai sani ba? Ya gaya wa kansa itace ba yadi ba ne, wataƙila ta fita. Ya tsiyaya ta cikin kurtu ya fito.

Gogo ta tsoma alƙalami ta ɗaga ta duba.

"Kai, wannan ta yi baƙi. Ta Malama kusa da ita toka ce."

Ta yi bisimilla ta fara. Ƙulhuwa Malama ta ce ta rubuto. Ta riƙe alƙalamin kamar muciya, harshenta a tsakanin haƙora, numfashinta yana fita da ƙyar. Layin farko ya gangara kamar hanyar rafi. A na biyu alƙalami ya karye, ta ɗauki wani. Tawada ta ɗiga, ta yi ɗigo kamar ƙwayar gyaɗa a tsakiyar allo. Ta tsallake wata kalma, ta gane, ta cusa ta a sama. Rashidu yana zaune a kan turmi yana kallon baƙin yana bushewa da ƙyalli, irin ƙyallin da ya sani a jikin yadi.

Da ta gama ta miƙa allon nesa da fuskarta ta kalla, ta yi dariya.

"Kamar kaji sun yi dambe. Ba komi. Malama ta gyara, in biya, in wanke. Wannan wankin na fari ni zan shanye shi, ko ɗigo ba ni ba kowa."

Washegari da safe, tana can wajen tuya, ya ɗauko allon. A can ƙasa akwai inda alƙalami ya goga. Ya lashi yatsa ya murza. Ya kawo ruwa ya murza. Ya sa farce. Yatsan ya yi ja, baƙin yana nan. Ya mayar da allon inda yake. Da rana ta kawo masa fura, ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa furar ta yi daɗi.

La'asar ta yi. Gogo ta sa lulluɓinta na zuwa suna, ta rungumi allon, ta ɗauki kurtun, ta fita. Ya bari ta sha kwana, ya bi ta. Namiji ba ya shiga gidan Malama lokacin karatun mata. Ya tsaya a bayan dangar kara, inda awaki ke sosa jiki, yana jin komai.

Ya ji Malama ta ce, "Madalla, Gogo. Hannu ya fara. Nan ne kawai za mu gyara, miƙo mani ruwa." Aka miƙa mata. Ya ji ƙarar yatsa a jikin itace, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Aka ƙara ruwa. Wata ta ce a kawo tsumma. Wata ta ce a gwada toka.

"Ikon Allah," in ji wata murya. "Allo ya ƙi wankuwa."

"Ni tun da nike ban taɓa gani ba."

"Ba a banza ba. Wani hannun in ya taɓa aya..."

Ba ta ƙarasa ba. Can daga baya wata yarinya ta kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki, ta sake kuɓucewa. Wasu suka taya ta ƙasa-ƙasa.

Malama ta tsawata musu. Sannan ta ce a ba ta kurtun. Rashidu ya san shinshinawa take.

"Ba hannunta ba ne, ku bar zancen banza. Wannan ba tawadar allo ba ce, warin kananzir take. Gogo, ko da ta fita kar ki kai ta baki. Wa ya ba ki ita?"

Rashidu ya kama karan danga. Ya ji tsininsa ya shiga tafin hannunsa.

"Ni na haɗa abata," in ji Gogo. "Tsufa ne, Malama. Na zuba abin da bai kamata ba."

Ya ji tana naɗe tabarma. Ya bar wurin da sauri, ya bi ta lungu don kar su haɗu.

Ta jingine allon a ɗakinta, fuskarsa na kallon bango. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta ci gaba da tuyarta, ta ci gaba da kawo masa fura, ta ci gaba da cewa Babana. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. In la'asar ta yi sai ta jawo kwandon gyaɗa ta zauna ɓara, tana jin matan unguwa suna wucewa da allunansu, ba ta ɗaga kai. Malama ta aiko, Gogo ta ce a ce mata ƙafa ke ciwo. Jaye ma ya aiko, akwai yadi yana jira a buro. Rashidu ya ce a ce masa tawada ta ƙare.

Wata safiya, bayan kasuwa ta sake ci ta watse bai iya zuwa ya haɗa ido da Ɗanmalam ba, ya shiga ɗakinta ya ɗauko allon. Ya nemo guntun fasasshiyar kwalba mai kaifi. Ya ɗauko faifai ya shimfiɗa masa farin ƙyalle, don abin da zai kankare aya ce, ba ta faɗuwa ƙasa inda ake takawa. Ya zauna a gindin darbejiya ya fara.

Tawadar ta shiga itacen fiye da yadda ya zata. Yana kankara garin yana zuba a ƙyalle, baƙi-baƙi, sannan toka-toka. Iska ta taso, ya kare faifan da jikinsa. Kwalbar ta yanke shi a babban yatsa, ya ɗaure da tsumma don kar jini ya taɓa allon. Sai da ya kai kan ɗigon nan mai kamar gyaɗa ya ji inuwa a kansa.

Gogo ce, hannunta duk mai. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"Rubutuna ne kake cirewa."

Hannunsa ya tsaya. "Gogo, tawadar nan..."

"Na san warinta. Ni ke wanke maka riguna."

Ta zauna a kan turmi, ta goge hannu a zane. Ta jawo faifan ta duba garin.

"Uwar Rufaida ta zo duba ni da ƙafa," ta ce. "Ta ce ɗiyarta ta gan ka a kasuwa. An ce saƙon wata tsohuwa ka je yi, ta unguwarku."

Bai ɗaga kai ba. Ya so ƙasa ta tsage.

"Na yi ta tunanin wace tsohuwa ce," in ji Gogo. "Na ce ko ba ta da kowa."

Ta miƙe ta koma wajen kaskonta. Shi kuma ya ci gaba da kankara, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba in ya daina.

Kafin azahar allon ya yi fari, amma ba irin farin da ba. Tsakiyarsa ta ɗan lotsa, kuma in aka karkata shi wajen rana ana ganin inuwar layin nan da ya gangara, can cikin jijiyar itace. Ya goge shi da farar ƙasa. Ya kifa tukunyar tuwo ya kankaro baƙin gindinta a ɗan kasko, ya jiƙa ƙaron da Gogo ke ajiyewa a gwangwani, ya dama. Na farko ya yi ruwa, ya zube a allo kamar hawaye. Ya ƙara baƙi. Ya wanke kurtun da toka har sai da warin ya fita. Ya ja baƙi ɗaya a gefen allo, ya jira ya bushe, ya lashi yatsa ya shafa. Baƙin ya fita, ko alama babu.

Ya kai mata allon da kurtun da faifan, ya ajiye a gabanta, ya tsuguna.

Ta fara da faifan. Ta tattara bakin ƙyallen ta ƙulle garin a ciki, ta kai ɗaki ta sa a ƙasan akwatinta. Ta dawo ta ɗauki allon, ta auna nauyinsa a hannu.

"Ya rame."

Ta tsoma ɗan yatsa a kurtun, ta ɗora a harshe. Ta tsotsa.

"Ƙaron ya yi yawa. Amma ana sha."

Aka kira la'asar. Ta yi salla. Rashidu yana zaune yana jiran ya ga ta jawo kwandon gyaɗa. Ta fito daga ɗaki da lulluɓi, ba na zuwa suna ba, na kullum. Ta tsaya a tsakar gida tana gyara shi, kamar mai shawara da wani.

"Na ce in aka sake yi mani dariya na bari," ta ce. "To ba ni aka yi wa ba, tawada aka yi wa. Tawadar kuwa ba tawa ba ce." Ta dube shi. "Ƙafata na ciwo, ba ni iya ɗaukar kaya. Ɗauko."

Ya ɗauki allon da kurtun. Ya waiga yana neman abin da zai naɗe allon.

"Haka nan," ta ce.

Akwai lungu da ke kaiwa gidan Malama ta bayan masallaci, nan take bi kullum. Yau ta miƙe ta babbar hanya. Tana gaba tana takawa a hankali, ƙafar da aka ce tana ciwo ba ta ko ɗingishi. Yana biye, allo a ƙirji, farin gefen yana kallon jama'a.

A ƙofar buron jam'iyya matasa na zaune a benci suna shan shayi, ƙyallen da ya rubuta yana rataye a kansu. Jaye na tsakiya. Rufaida na tsaye a bakin ƙofa da takardu a hannu. Gogo ta tsaya cak a gabansu.

"Sannunku da aiki, 'yan samari. Jaye, ina uwarka? Ka gaishe ta. Ka ce tsohuwar unguwar su Babana na gaishe ta."

Jaye ya sauke kofin shayi ya ce za ta ji, Gogo. Ba wanda ya yi dariya. Rashidu ya so a ce sun yi.

Ta wuce. Ya bi ta, idonsa a kan kurtun. Ya cika shi da yawa, marfin kuma bai kama sosai ba, in bai yi a hankali ba sai ta zube kafin su kai.